Taken Amani a Cikin Faifai

Juma'a, bayan la'asar. Watan Safar, shekara ta goma sha ɗaya da samun mulkin kai.

An buga taken Amani yau a kasuwa, kuma ba ni na buga ba.

Ina zaune wajen masu goro na ji shi daga rumfar Tanimu, mai fataucin gero da gyaɗa tsakanin Maradi da Najeriya. Wanga karo ya dawo da garmaho mai cin pil, wato batir, da tarin fayafayai. Da farko ƙaho ne da garaya irin ta nasara, da wani mai ihu kamar an taka mashi ƙafa. Sai duk suka yi shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Bugu uku a guje, a ja numfashi, biyu masu nauyi. Ko a kabari na ji shi na san shi. Ni na ɗaura wa Amani wanga take ranar da ya tara damin gero dubu aka naɗa shi Sarkin Noma. Ranar ya rantse gaban jama'a cewa duk inda ya ji takensa zai tashi da hauya, ba zai zauna ba sai makaɗi ya sallame shi.

Kowane take yana da sallamarsa. Hannun da ya tada mutum shi ke sauke shi. Na faifan nan ba shi da sallama. Ya yi ta ƙanƙancewa kamar kamiyo, babbar motar kaya, in ya yi nisa a hanyar Kornaka, har ya ɓace.

Amani yana cinikin igiya lokacin. Ya ajiye igiyar, ya tafi gida ya ɗauki hauya. Mutumin da ya ba saba'in baya, cikin ranar bazara, ko ɗigon ruwa ba a yi ba.

Tanimu ya kawo mani jakar faifan. Hoton wani ne zaune tsakiyar ganguna, gashi a kansa kamar an kifa mashi kwando. Ya karanta mani sunan. Sunan ɗan farina ne, wanda ba na faɗi, an liƙa mashi sunan garin nan, Dakoro, a baya kamar jela. Ya ce, "Baba Cindo, ɗanka ya yi suna." Na ce goro ya yi tsada bana.

Ban yi lakkwal ta boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma ajamin da na tsinta ya ishe ni in ajiye abin nan yadda ya faru, kafin a gyara shi a bakin rijiya.

Asabar, da hantsi.

Sai da magariba Amani ya dawo jiya. Ya yini yana noman rairayi a gonarsa ta hanyar Korahane, ba ciyawa, ba shuka. Masu dawowa daga kasuwa sun tsaya kallo. Sun ce bai ɗaga kai ba.

Lahadi, bayan azahar.

An sake sa faifan. Ya sake tashi.

Litinin, da la'asar.

Saratu matata tana tsintar wake tana magana da wake, tunda ni ba na sauraron zancen mutumin Ikko. Haka take kiran ɗan namu. Duk abin da ta sani daga bakin Attaher ne, direban kamiyo, mai kai shanu kudu.

Yaron ya bar gidan nan shekarar da aka sauke tutar nasara, a bayan kamiyon gyaɗa. Abin da aka faɗa a zauren nan kafin ya tafi, an faɗa. A Maradi ya fara da ɗaukar wa masu kiɗan rawa kaya a wani gida bayan tasha. Wata rana makaɗinsu ya bugu ya kasa zama kan kujera, aka ɗora shi. Daga nan Yamai, yana yi wa ma'aikata kiɗa ranar Asabar. Daga nan Sabon Garin Kano, daga nan Ankara ta Gana, inda ya kwanta ciwo har aka ce ba zai tashi ba, daga nan Ikko. Wai ganguna biyar yake kaɗawa lokaci guda, da fayafayan tagulla, da hannu biyu da ƙafa biyu. Kiɗan da suke yi sunansa sol, da wani sabo da suke kira fank, na baƙaƙen Amirka. Attaher ya ce a fank ganga ce sarki, sauran kaya barori ne. Wannan ban ƙi shi ba.

Yanzu kuma wai shi ke yi wa wasu faifai. Yana zaune bayan gilashi da abu a kunne, manyan mawaƙa suna rerawa, ya ɗaga yatsa ya ce a sake. Su kuwa su sake.

Ni dai ban saurara ba. Abin da na sani shi ne, a gidan nan sallama ake koya wa yaro daga ƙarshe, ranar da za a ba shi gula, sandar kiɗa, a hannu. Almu kakana ya sassaƙa gangar nan ya bar wa Sha'ibu, Sha'ibu ubana ya bar mani, dukanmu haka aka yi mana. Shi bai tsaya ba. Ya ɗauki tashi ya bar zama.

Laraba, da hantsi.

Samari sun gano wasa. Suna zama rumfar Tanimu, in sun hango Amani sai su ɗora allura daidai wurin gangar. Jiya ya tashi daga gaban wanzami da rabin aski.

Na je na sami Tanimu. Na tambaye shi ko ya san geron wa uwarsa ta daka shekarar fara. Ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi shi bai ɗauka abin zai kai haka ba, ya naɗe faifan cikin zane ya sa a ƙasan akwati. Amma ya ce ba shi kaɗai ya sayo ba. Akwai wajen mushe, malamin lakkwal, akwai wajen mai shayi na tasha, kuma rediyo ta fara sa shi a shirin gaisuwa. Ya ce, "Baba, kai da kake da ganga a rataye, me zai hana ka bi shi gona ka sauke shi?"

Na ce hannun da ya tada shi ke saukewa. Ba ni na tada ba.

Juma'a, bayan sallah.

Dela matar Amani ta zo. Ba ta shiga wajen Saratu ba, ta durƙusa bakin zaure ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi kafin a yanka mutum.

Ta ce ta cusa mashi auduga a kunne, ya cire. Ta ɓoye hauyar cikin rumbu, ya ari ta maƙwabci. Ta ce tafin hannunsa ya fashe, da dare sai ta gasa mashi baya da tsumma kafin ya iya kwanciya. Na faɗa mata abin da na faɗa wa Tanimu.

Ta ce, "Makaɗi, ni ba yarinya ba ce. Shekarar da ubanka Sha'ibu ya faɗi tsakiyar gayya a Roumbou, ya tada mutum arba'in bai sauke ba, wa ya ɗauki gangar ya sallame su? Ina nan, ni na kai fura."

Dela tana da yawan magana. Tun tana budurwa haka take.

Asabar, da sassafe.

Na sauko da gangar, Saratu ta tafi rijiya. Fatar ta saki. Gular ma ta yi santsi, ba ta zama a hannu. Na mayar.

Lahadi, da hantsi.

Na ja tsirkiya, na shanya ta a rana. Fatar ce dai. Fatun yanzu ba su da kirki.

Talata.

Alƙalamin nan ba shi da kyau, yana yawo.

Alhamis, da la'asar.

Na je gidan Amani. Yana kwance gindin itacen bedi, hannuwansa a naɗe da tsumma.

Ya ce, "Makaɗi, ka zo kallon mahaukaci?"

Na ce na zo ganin Sarkin Noman da akwati ke aike.

Ya yi dariya har ta zame mashi tari. Ya ce ya san akwati ne, bai tsufa har haka ba. Da wani baƙo ne ya kwaikwaya, da ko gezau ba zai yi ba. "Amma hannun da ke ciki na gidanku ne. Ka ji yadda yake jinkirta na huɗun? Kai kaɗai ke yin haka, sai wanda ya koya goye a bayanka. Ranar dubu ban ce sai na ga fuskar makaɗi ba."

Na ce to faifai ba ya gajiya, ba ya mutuwa, kuma ba guda ba ne. Ko an sauke shi yau, gobe wani zai tada shi. Magani ɗaya ne, babbar sallama, wadda ake yi wa manomi sau ɗaya tak, ya ajiye hauya, take ya daina binsa har abada.

Ya ce, "Mun yi magana ni da kai tun muna da haƙora. Ranar da ka ajiye gula, na ajiye hauya. Ka ajiye?"

Na ce ban ajiye ba.

Ya ce, "To ni ma."

Dela ta kawo ruwa. Ya karɓi ƙwaryar da hannuwan nan nasa masu tsumma, ya riƙe mani ita a baki da kansa, wai bakinta ya tsage, sai wanda ya san ta. Ƙwaryar lafiyarta lau.

Duk garin nan shi kaɗai ne bai ce in je in buga mashi ba.

Asabar, bayan azahar.

Shiru yau. Pil ya ƙare wa mai shayi.

Lahadi, da magariba.

Ana suna a gidan wani ma'aikaci, sun ɗaure lasifika kan itace tun hantsi. Faifan nan suka yi ta juyawa, mata suna rawa. Ba don mugunta ba, baƙi ne, ba su san komai ba.

Wani Bafillace ya tsince shi kife a gona, hauyar a ƙarƙashinsa. A kan jaki aka kai shi dispansar. Likita ya ce wa Dela zuciyar ta gaji, in ya sake yini irin wannan a rana kada a wahala a kawo shi.

Na ji kiɗan daga zaurena. Na zauna na ji shi har ƙarshe, kowane juyi, ina jiran wurin da ya kamata a sauke. Kowane juyi sai ya yi nisa ya ɓace.

Litinin, da hantsi.

Attaher zai yi lodi zuwa kudu. Ya biyo karɓar saƙon Saratu, kuka da daddawa kamar kullum. Ni ban aika komai ba. Na dai faɗa ina kallon bango cewa wanda ya kwance akuya a gonar mutane shi ke zuwa ya ɗaure ta. Attaher ya ce in sake faɗi. Na ce ba da shi nake ba. Ya maimaita da bakinsa, ya yi daidai.

Alhamis.

An maido Amani gida. Tanimu da kansa ya bi gida gida yana roƙon masu faifan. Rediyo ce ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dela ta roƙi maƙwabta su kashe tasu lokacin shirin gaisuwa.

Asabar. Watan Mauludi ya tsaya.

Kamiyo ya shigo. Gishiri ne.

Talata, da la'asar.

Saratu tana share ɗakin baya. Na ce wa za a sauke? Ta ce ƙura.

Juma'a.

Jiya rediyon wani mai wucewa a kan keke. Amani ya kai bakin ƙofa kafin ƙafa ta ƙi shi. Ya zauna a ƙasa da hauyar a cinya har rana ta faɗi, bai yarda an mayar da shi ɗaki ba.

Litinin, bayan azahar.

Mutumin Ikko ya zo.

Wando mai baki kamar kakaki, takalmi mai dunduniya kamar turmi. Amma ya sa hula kan gashin nan, kuma ya cire takalmin tun daga waje. Ya durƙusa. Ya gaishe ni, na amsa wa bango. Ya fi Sha'ibu tsawo. Yana da tabo a haɓa wanda ban san shi ba.

Uwar ta fito ta dube shi sau ɗaya, ta ce ruwa na bayan ɗaki, ta koma. Ina jin ta tana daka abin da ta riga ta daka tun safe.

Ya ce Attaher ya same shi tsakiyar aiki, ya bar mawaƙa tara da kayansu ya biyo shi. Ya ce bai san Sarkin Noma yana amsawa har yanzu ba. Taken nan shi ne abu na farko da hannunsa ya iya, a bayan ƙwarya, kuma duk garin da ya je in ya rasa abin bugawa shi ke fitowa. A Ikko makaɗa suna kiransa bugun Dakoro, har wasu sun fara sata. Ya ce ya sa shi ne don a ji a gida.

Na ce an ji.

Na tambayi bango me ya sa kiɗan ba ya ƙarewa. Ya ce da gangan ne, shi ke ja da wani maɓalli a hankali har sauti ya nutse. Haka ake yi yanzu. Mai rawa ba ya son a ce mashi an gama, ya fi son ya ji kamar kiɗan yana can yana ci a wani gari.

Na ce mai rawa ke nan. Manomi yana da baya.

Bai yi musu ba. Ya ce faifan da ya fita ba ya komowa. Ya ce, "Baba, me ake yi?"

Saratu ta aiko da fura. Ludayin nan nata ƙarami ne, yana zubarwa. Ya dubi rigata, ya dubi ludayin, ya ce gaskiya ludayin ya yi ƙanƙanta.

Talata, da la'asar.

Mun fita bayan gari, wajen tsohuwar rijiya, inda Amani ba zai ji ba. Shi ya rataya gangar. Ya ɗan buga ta ya ce fatar ta yi daidai, wa ya ja ta?

Na ba shi babbar sallama da baki. Ya ɗauka nan da nan, amma yana sa mata gishiri, yana lanƙwasa ta kamar mai son a yi rawa. Na ce ba biki ba ne. Ya sake, ya yi sauri. Sai na matsa bayansa in buga mashi a kafaɗa da yatsu, yadda Sha'ibu ya yi mani, yadda Almu ya yi mashi.

Na ɗora hannu.

Ya tsaya cik. Bai waiwayo ba. Muka daɗe haka, hannuna a kafaɗarsa yana abin da yake yi.

Ya ce, "Baba, faɗa mani da baki. Aikina ya sa kunnena ya fi bayana ji."

Na faɗa da baki. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ya ce, "Sake." Ni Cindo aka ce wa sake. Na sake. Ya ce sake. A na ukun ya ce ya gane: taken ne da kansa, ana cire mashi bugu ɗaya kowane zagaye, ana rage gudu, har ya rage guda. Ya ce ashe kusan abin da yake yi da maɓalli ne.

Na ce ba kusa ba ne. Naka yana guduwa. Wanga na ƙarshensa shi ya fi duka ƙarfi, sannan a dafe fatar da tafin hannu a kashe ƙarar, mutum ya san an gama da shi lafiya, ba mantawa aka yi da shi ba.

Ya buga. Ban sami abin gyarawa ba. Na nema.

A hanyar dawowa na miƙa mashi gular, na ce ya riƙe, tana cika mani aljihu.

Laraba, da hantsi.

Na je na faɗa wa Amani. Ya ce, "Ka ajiye?" Na nuna mashi aljihu. Ya ce a gaya wa Dela ta fiddo hauyarsa ta gaske daga rumbu, ba zai yi sallama da ta aro ba.

Alhamis, bayan azahar.

An yi da safe, kafin rana ta yi zafi, a gonar hanyar Korahane. Ba a yi shela ba amma gari ya zo, har samarin rumfar Tanimu, suna tsaye can baya kamar waɗanda aka kama da kaza. An kawo Amani a kan jaki.

Sai an tada ake saukewa. Yaron ya rataya gangar Almu kan rigarsa ta Ikko, ya dube ni, na ɗaga haɓa. Uku a guje, numfashi, biyu masu nauyi.

Amani ya sauka daga jakin ba wanda ya taɓa shi. Ya kama hauya. Na ga mutumin nan yana noma tun kafin a yi hanyar mota, kuma na ce bai taɓa miƙe layi kamar na yau ba. Rairayi ne kawai, amma ya yi shi kamar gero na tsaye. Dela ta fara guɗa, ta katse a tsakiya.

Yaron ya bar shi ya ɗan ci. Ya san lokacin da ake barin abu ya ci, wannan na ba shi. Da na ga kafaɗar Amani ta fara sauka, na yi tari. Ya fara cirewa. Ɗaya ya tafi. Wani ya tafi. Hauyar tana bin gangar, tana rage gudu. Da ya rage guda, ya ɗaga gula sama ya sauke ta da ƙarfin da kurciyoyi suka tashi daga ƙaya.

Bai dafe fatar ba. Ya juyo da gangar wajena.

Na ɗora tafi. Fatar ta yi ta ɗan kuka a ƙarƙashinsa, ta ƙi mutuwa, kowa yana ji. Sai ya ɗora nasa kan nawa. Ta yi shiru.

Amani ya kwantar da hauyar a ƙasa, bakinta yana kallon gabas, ya zauna kusa da ita. Ya kira yaron ya ce, "Kai ɗan makaɗi, an ce a Ikko ana tashi in an ji takena?"

Ya ce ana tashi, Sarkin Noma, ɗaki cike, maza da mata, har gumi ya jiƙa su.

"Suna noma?"

Ya ce a'a, rawa suke.

Amani ya ce, "To, su dai tashi. Ni na zauna."

Juma'a, bayan la'asar.

Kasuwa. Amani da kansa ya sa aka ajiye mashi tabarma a rumfar Tanimu, ya ce a fiddo faifan, bai taɓa jin farkonsa da ƙarshensa ba, kullum yana hanya. Tanimu ya dube ni. Na ce ba ni da ganga, me ake tambayata.

Aka sa. Da gangar ta rage ita kaɗai, kasuwa ta yi tsit. Babban yatsan ƙafarsa ya motsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki goro, ya fasa, ya ba ni rabi. Ya ji shi har ya ɓace. Ya ce mai ihun nan a ba shi magani, amma makaɗin ba laifi.

Lahadi, da hantsi.

Yaron ya tafi da kamiyon Attaher, mawaƙa tara suna jiransa. Ya ce zai bar gangar, hanya tana da nisa, fata ba ta son ruwan Ikko. Na ce gangar da ba a bugawa turmi ce. Uwar ta naɗe ta cikin zanenta na aure.

Ya ce akwai sabon faifai da yake haɗawa, kuma ya san yadda zai ƙare shi. Ya tambaya ko na yarda. Na ce ƙaramar sallama ta kowa ce, ya sa. Babbar kuwa ba ta shiga akwati, sai ido da ido, sai mutum ya yarda. Ya ce ya ji. Ya durƙusa. Wanga karo ban ga dalilin damun bango ba.

Ƙusar da gangar ke rataye tana nan. Saratu ta rataya ludayi babba a jiki.

Litinin, da sassafe.

Rawar hannun ta fi kwanciya da safe, bari in rubuta yanzu. Hannun nake cewa, alƙalamin ba shi da laifi.

Ɗan fari ba a faɗin sunansa, kuma ban faɗa ba. Amma jerin masu ganga ba ya karɓar kunya, wanda ya zo baya sai ya san daga wa zuwa wa.

Almu. Sha'ibu. Cindo. Badaru.